Zanzaro, Ɗan Kantin Rangwame, Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani ɗaci na daban da za a zo kansa nan gaba, kafintan da ke da rumfa a bayan gidan mai, tare da uwargidansa da 'ya'yansa da ɗaukacin mazauna akwatin kayan aikinsa, suna sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar injin hudarsu, wanda aka fi sani da Zanzaro. Ya rasu ranar Lahadi da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya a bakin aiki, a falon wani mutum da bai cancanci ko ya riƙe masa waya ba.

Da don mutuwar ce kawai, da ba a ɓata tawada ba. Kullum injuna suna mutuwa, a jefar a manta. Abin da ya sa aka rubuta wannan sanarwa shi ne, tun gawar ba ta huce ba aka fara yawo da magana a unguwa cewa araha ce ta kashe shi, cewa dama can tarkace ne, kuma kafintan da ke aiki da tarkace ai aikinsa ma tarkace ne. Maganar ta kai kunnen mai kemis ɗin bakin titi, wadda ta riga ta ba kafintan aikin kafa kantocin sabon shagonta, aiki mafi girma da ya shigo hannunsa cikin shekara biyu. Kafintan nan ba shi da allon talla, ba shi da kowa a sama, sunansa ne kaɗai ke kawo masa aiki. Don haka za a faɗi tarihin marigayin daki-daki, kowa ya ji, wanda abin ya yi wa zafi kuma ya san da shi ake.

An samo marigayin ne a kantin rangwame na ƙarshen layin masu faci, dogon shagon nan mai fanka ɗaya da ba ta juyawa, inda ake zuba kayan aiki a manyan kwanduna kowa ya tona. Ba za a yi ƙarya don an yi mutuwa ba: rabin abin da ke kantin nan shara ce da aka shafa wa fenti. A can ake sayar da sukundirebar da ke murɗewa kafin sukurun ya motsa, da filayar da haƙoranta suka yi gaba da juna, da tef ɗin awon da in ka auna ƙofa ɗaya sau biyu zai ba ka amsa biyu. Masu hura hanci sukan wuce ta ƙofar suna yatsina fuska. Sai layi ya yi shiru ka gan su sun faɗa ciki suna waige-waige, su ɗauki abin da ya fi ƙyalli, ya karye a hannunsu bayan kwana uku, su fito suna zagin kantin. Har yau ba a ji ɗayansu ya zagi idonsa ba.

Kafintan yana da nasa tsarin sayayya, kuma bai koye shi a takarda ba. Ba ya kallon kwali, ba ya karanta abin da aka rubuta a jikin kaya, don ya ce rubutu bai taɓa huda masa katako ba. Yakan ɗauki abu ya ji nauyinsa a tafin hannu, ya girgiza shi kusa da kunne ko wani abu na yawo a ciki, ya sunsuna shi, don robar banza tana da warinta. In inji ne sai ya sa mai kantin ya jona masa a wuta, ya rufe ido ya saurara. A ranar da ake magana, injin huda bakwai ya saurara. Shida sun yi kuka kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Na bakwai yana can ƙasan kwando, ba kwali, ba takarda, rawaya da baƙi, da siririn ƙugu irin na zanzaro. Da aka danna shi sai ya ce “wiiiii”, sumul, ba ko gargada. Kafintan ya buɗe ido ya ce a naɗe masa.

Mai kantin, wanda gaskiya ke kama shi sau ɗaya ko biyu a shekara, ya ce, “Malam, wannan yana da aibi fa. Ka ga ɗan maɓallin nan na sama? Shi ke sa inji ya juya gaba ya huda, ko ya juya baya ya zare sukuru. To tun daga ma'aikata aka manna masa alamar a juye. Kibiyar da ke nuna gaba, baya take kai shi. Mai nuna baya ita ce gaba. Shi ya sa aka zubo mana shi nan.”

“Iyakar ciwon ke nan?” in ji kafintan. “Ai na san mutane da yawa masu irinsa, kuma duk wata albashi suke ɗauka.”

Bai taɓa ɓare alamar ba. Ya ce da ita ya same shi, kuma yatsansa ya riga ya haddace.

Marigayin ya kasance mai haƙuri, mai juriya, marar son a san da shi. Bai taɓa ƙin tashi da safe ba. Ya huda katako, ya huda bulo, ya huda kankare idan aka sa masa bakin da ya dace aka kuma bi shi a hankali. Ƙofofin rabin gidajen unguwar nan a kan ramukansa suke tsaye, har da na waɗanda ke zaginsa yau. Shi ya haɗa gadon da aka kwantar da autar gidan ranar da aka kawo ta daga asibiti, shi ya kafa maratayin tukwanen uwargida wanda har yanzu bai sunkuya ba. Sau biyu yana faɗowa daga rufin bene. A na biyun ƙugunsa ya tsage, aka ɗaure da baƙin salatif, ya tashi ya ƙarasa aikin ranar bai yi ko tari ba.

Ba shi da yawan magana, amma wanda ya zauna da shi ya san yarensa. “Wiiiii” na nufin lafiya lau, a ci gaba. “Gurrr” na nufin an danne shi da yawa, a sassauta hannu. In ya ce “ƙi-ƙi-ƙi” to ya gaji, a ajiye shi a inuwa ya sha iska. Kafintan bai taɓa sa shi ya maimaita ba. Kullum in an tashi aiki sai ya goge masa hancinan shan iska da tsohon buroshin haƙori, ya naɗe wayarsa a hankali, ya kwantar da shi a kan tsumma. Uwargida takan ce da ita ma ana lallashinta haka da ba ta yi furfura da wuri ba.

A cikin shekarun nan marigayin ya ga zuwan manyan injuna, ya kuma ga tafiyarsu. Abokan sana'a sun sha shigowa rumfa da sababbin kaya masu batir da fitila da jaka mai zif, su ajiye a kan benci yadda kowa zai gani, su kalli salatif ɗin ƙugunsa su yi murmushin tausayi. Bayan shekara batir ya kumbura, cazar ta ɓace, irin batirin kuma an daina kawo shi. Sai ka ga mai murmushin ya dawo yana sosa ƙeya, wai ko Zanzaro yana hutawa yau. Kafintan bai taɓa hana aro ba. Magana ɗaya yake yi wa kowa kafin ya miƙa, ita ce ta kibiyar nan, kuma duk wanda ya tsaya ya ji ya dawo da shi lafiya.

Ajali ya zo ne ta hannun yayan uwargida. Wannan bawan Allah yana sa a kira shi Injiniya, ko da yake aikinsa a ofis bai wuce buga hatimi a takardun fitar da kaya daga sito ba. Yana da nasa injin hudar, ɗan gaske, mai jan akwati da soso a ciki da katin garanti, wanda ke zaune a kabad ɗin gilashi na falonsa tsakanin kofunan baƙi. Shekara huɗu injin nan bai taɓa ganin bango ba sai ta cikin gilashi. Ranar Lahadi Injiniya ya so ya rataye takardar shaidar wani taron bita na kwana uku da ya halarta, kuma ba ya son ƙura ta taɓa nasa, sai ya tako har gidan ƙanwarsa.

“Kafinta, ba ni ɗan abin nan naka, zan rataye takarda.”

“Yaya, ai da ka bari na zo na kafa maka da kaina.”

“Rami ɗaya? Kai ma dai.”

“To Yaya, sai dai kibiyar nan da ke jikinsa, ka ga…”

“Dakata, dakata. Ni za ka koya wa inji? Ina da uban wannan a gida.”

Kafintan ya dubi matarsa. Ita kuma ta yi masa kallon nan da ke cewa ba shi mana, Yaya ne. Wannan Yayan shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya tsaya mata har ta gama makaranta, kuma bai bari an manta ba ko na rana ɗaya. Kafintan ya haɗiye sauran maganarsa, ya miƙa injin da hannu biyu.

Abin da ya biyo baya an same shi daga bakin matar Injiniya, wadda ta gani da idonta daga ƙofar kicin. Injiniya ya duba alama, don shi mutum ne mai karatu, ya tura maɓalli wajen kibiyar da ke nuna gaba, ya ɗora baki a bangon kankare ya danna. Duk wanda ya taɓa riƙe inji ya san bakin huda in yana juyawa baya ba ya cin komai, shafa kawai yake yi. Injiniya ya ga bango bai huje ba, sai ya yanke hukuncin cewa injin ne rago. Ya sa kafaɗa. Marigayin ya ce “gurrr”. Ya sa ƙirji da tumbi. Marigayin ya ce “ƙi-ƙi-ƙi”, ya sake cewa, ya ƙara cewa, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Da jikin ya yi zafi har ba ya riƙuwa, sai basira ta zo wa Injiniya, ya ɗauko tawul ya naɗe injin gaba ɗaya, har da hancinan da yake shan iska da su, ya ci gaba da dannawa. Matarsa ta ce masa tana jin ƙauri, ya ce ta koma wajen tukunyarta.

An ɗauki kusan rabin sa'a ana wannan azaba. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce “fuf”, sai hayaƙi. A jikin bangon an bar wani ɗan tabo mai sheƙi wanda zurfinsa bai kai farce ba. Takardar shaidar kuwa har yau tana jingine a bayan talabijin.

Gawar ba a kawo ta hannu da hannu ba. A baƙar leda aka saka ta, aka rataye a ƙofar gida, aka buga sau ɗaya aka tafi.

Washegari kafintan ya kai ta wajen mai gyaran injuna na kusa da masu walda, dattijon da ake kira Mai Naɗi saboda shi ke sake naɗa wayar cikin motar inji in ta ƙone. Ya buɗe, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Wayar jan ƙarfen ta zama gawayi, ta narke ta manne, babu abin da za a naɗa. Amma giyar, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke juya baki, tana nan tas, ko haƙori ɗaya bai ci ba.

“Wannan kashe shi aka yi,” in ji Mai Naɗi. “Da an bar shi, da sai ya binne ni da kai. Wane mara imani ne ya toshe masa hanci?”

Kafintan ya ce wani ne.

Shi kuwa wanin bai zauna ba. Borin kunya ya kai shi shagon aski, ya kai shi gidan mai, ya kai shi har bakin kemis, yana ba da labarin yadda kayan bola ya kusa tashi da shi da gidansa. Ya ce shi dama ya daɗe yana tausayin mutanen da ke ba mijin ƙanwarsa aiki, don ba a san da me ake kafa musu kaya ba. A ranar mai kemis ta aika aka kira kafintan. Mace ce mai magana ɗaya.

“Malam kafinta, kwalaben magani zan jera a kantocin nan, ba audugar kunne ba. In suka zubo a kan mai ciki fa? Surukinka da bakinsa ya ce kayan aikinka na bola ne. Ka fara bango ɗaya in gani. In bai yi mini ba, kada ka ga laifina.”

Me zai ce? Ya ce yayan matarsa maƙaryaci ne, a bakin titi, a gaban mutane? Ya ce to Hajiya, ya juya. A gida ya kasa cin abinci. Bai taɓa jin ƙasƙanci irin na ranar ba, don an ƙona masa inji, an ƙona masa suna, kuma ana jiran ya yi godiya. Uwargida ta ce ya yi haƙuri, Yaya ne, haka yake. Ya ce ya sani.

Ranar Talata Injiniya ya bayyana a rumfa ɗauke da jan akwati, bayan ya tabbatar akwai mutane a wurin. Ya ce aro ne, don kada a ce ya tsayar wa mijin ƙanwarsa da sana'a, kuma don kafintan ya ji sau ɗaya a rayuwarsa yadda kayan mutane suke a hannu. Ya ce a kula da fentin. Kafintan ya karɓa, don ba shi da wani injin kuma lokaci na tafiya.

Injin nan yana da fitila. Yana da ɗan ruwa a gilashi mai nuna ko hannu ya karkace. Yana da maɗauri na hannu kamar agogo. A bangon kemis ya huda rami na farko da ƙyar, na biyu yana nishi, a na uku sai ya ce “ƙarrrr”, mota na gudu, baki na tsaye, fitila kuma tana ci abinta. Allah ya taimaka mai kemis ta fita karɓo kaya. Kafintan ya tura shi a buhu ya nufi wajen Mai Naɗi yana haɗa gumi.

Da aka buɗe, Mai Naɗi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Giyar cikin injin mai garanti ta farar roba ce, haƙoranta sun zube sun zama gari. Ya jawo gawar Zanzaro daga ƙarƙashin teburi, ya ciro tasa giyar ta ƙarfe, ya ɗora su gefe da gefe. Faɗi ɗaya, rami ɗaya, yawan haƙora ɗaya.

“Uwa ɗaya uba ɗaya,” in ji shi. “Wannan dai an sa masa riga mai tsada ne aka zare masa ƙashi. Ka yarda in dasa?”

Kafintan ya gyaɗa kai. Aka wanke giyar marigayin, aka shafa mata sabon giris, aka zaunar da ita a cikin jan injin, ta zauna daram. Mai Naɗi ya jona wuta ya danna. Injin ya ce “wiiiii”. Kafintan, mutum mai shekara hamsin da 'ya'ya biyar, ya juya fuskarsa wajen bango, hawaye suka zubo masa, kuma bai ji kunya ba.

Da ya koma gida ya ajiye farar giyar a kan teburi, ya faɗa wa matarsa abin da ya faru tun daga tawul har zuwa dashe, sau ɗaya, ba ƙari ba zagi. Ta ɗauki robar ta jujjuya ta, ta murza garin haƙoran a yatsunta. Ba ta ce Yaya ne ba. Ta saka ta a jakarta ta shiga ɗaki.

Zuwa ranar Alhamis da la'asar kantoci sun tsaya a bango uku, rami ɗari da arba'in, kowanne a layinsa. Mai kemis ta sa aka jibga katan-katan na ruwan ƙarin jini a kanta ta sama, ta kama ta ƙasa da hannu biyu ta ja da ƙarfinta, ko motsi. Ana cikin haka Injiniya ya iso da abokan ofis biyu, ya yi zanzaro da farar rigarsa, wanda shi ne kaɗai abin da ya taɓa haɗa shi da marigayin. Ya ɗauki jan injin daga kan benci ya ɗaga shi sama.

“Hajiya, kin ga bambanci? Kayan asali ke nan. Da da wancan gwangwanin aka yi miki, da yanzu muna kwasar kwalabe a ƙasa. Ni na cece ki, na kuma ceci kafinta.”

Kafintan yana durƙushe da sukuru biyu a baki, ya bar su a wurin don kada wani abu ya fito. Uwargida kuwa tana tsaye a bakin kanta, ta zo karɓar maganin hawan jininta. Ta buɗe jaka, ta ajiye farar robar a kan gilashin da ke gaban mai kemis.

“Yaya, ka yafe mini. Tun ina yarinya ban taɓa mayar maka da magana ba. Wannan ita ce giyar injinka. Rami biyu ta yi, a na uku ta zube. Wadda ta yi sauran ta mijina ce, daga cikin wanda ka ƙona aka ciro ta. Ya so ya gaya maka yadda ake kunna shi, ka ce ya dakata, a gabana. Ka ƙona masa inji bai ce uffan ba saboda ni. Sunansa kuma ba zan tsaya ina kallo ka ƙona ba, Yaya, da shi 'ya'yana suke ci.”

Ɗaya daga cikin abokan ofis ya shiga karanta bayan kwalin maganin tari da matuƙar natsuwa. Mai kemis ta ɗauki giyar da yatsa biyu, ta ɗaga ta wajen haske, ta ce, “Au, roba ce?” Sannan ta juya ta ce wa kafintan ɗakin ajiyar da ke baya ma yana buƙatar kantoci, kuma ƙawarta mai shagon tabarau tana neman kafinta, za ta ba ta lambarsa.

Injiniya ya mayar da injinsa cikin soso, ya rufe jan akwati, ya fita bai yi sallama ba. Tun daga ranar bai amsa gaisuwar ƙanwarsa ba. Ta kira bai ɗauka ba, ta je gidan aka ce yana barci alhali takalminsa da muryarsa duk suna falo. Tana kuka a kicin tana cewa albasa ce. Kafintan ya samu sunansa, amma ya san abin da aka biya, kuma wannan ya fi mutuwar injin yi masa nauyi.

Marigayin ya rasu ya bar guduma mai ƙotar da aka sauya sau uku, wadda ta girme shi a gidan, da zarto, da sifana biyu da ba su taɓa rabuwa ba, da wata filaya da aka tsinto daga cikin guda ashirin marasa amfani kuma har yau tana cizo. Dukkansu 'yan kantin rangwame ne, kuma suna nan lafiya suna aiki. Ya bar bakunan huda goma sha huɗu a gwangwanin madara, marayu, da ɗan makullin ɗaure baki wanda aka ɗaure a wayarsa tun ranar farko don kada ya ɓace. Ya bar doguwar wayar jona wuta, wadda ta bi shi duk inda ya je, yanzu tana rataye a ƙusa ba ta san abin da ake ciki ba. Ya kuma bar giyarsa, da ranta da lafiyarta, a tsare a kabad ɗin gilashi tsakanin kofunan baƙi, inda ba a sa ran za ta sake ganin bango. Iyalan ba za su nemi a dawo da ita ba. Sun ga ya dace a ce gidan Injiniya ma yana da abu ɗaya na gaske.

Za a yi bankwana da marigayin ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a rumfar bayan gidan mai. An haɗa masa akwati da ragowar katakon kantocin kemis, an shimfiɗa masa tsummansa a ciki. Mai Naɗi ne zai rufe murfin, kafintan zai ɗaure sukuru huɗu da hannu, don ba a ga injin da ya isa ya yi wannan aikin ba. Daga nan za a haƙa masa wuri a gindin bishiyar da ake jingina katako. Masu ɗaukar akwatin kada su yi mamakin rashin nauyinsa.

Ana roƙon abokan sana'a masu injuna masu fitila su bar su a gida, don wurin ba ya buƙatar haske. Duk wanda ya zo da niyyar tambayar nawa aka saye shi, ko ya ba da shawarar wanda ya kamata a saya yanzu, ya yi zamansa, an karɓi ta'aziyyarsa daga nesa.

Game da Injiniya, ra'ayin kafintan shi ne kada a gayyace shi. Amma uwargida ta roƙa, ta ce ko me ya yi ɗan'uwanta ne kuma ba ta da wani, shi kuwa kafintan a yanzu babu abin da matar nan za ta roƙa ya hana ta. Don haka an tanadar masa kujera a sahun gaba, a inuwa. Kafintan ne ya haɗa ta jiya da hannunsa, ya goge ta, ya zauna a kai ya gwada, kuma ana tabbatar wa Yaya cewa za ta ɗauke shi. In ya zo, ƙanwarsa ce za ta tarbe shi a bakin rumfa, ba wanda zai tayar da maganar da ta wuce. Abu ɗaya kawai iyalan mamacin suke roƙo: ya shigo da hannuwansa a aljihu, ya bar su a can har a tashi.